Inda Aka Rasa Sawun Lidiya

Roseline Mshelia nas ce a wani asibiti a Al Rayyan da ke gefen Doha, 'yar wani ƙauye kusa da Garkida. Shekararta shida a Doha. A watan Maris aka kwantar da wani tsoho Ba'amurke a ɓangarenta bayan an yi masa aikin gwiwa. Sunansa Mista Wampler. Ganin ɗansa ya zo yi, injiniya a kamfanin gas, ƙafa ta tsayar da shi.

Ba ya kallon talabijin. Kullum yana duƙufe kan wata jaka cike da takardu da hotuna, yana rubutu da fensir. Wata safiya tana gwada masa jini ta hango hoton wasu maza masu dogon gemu, sun durƙusa suna wanke wa juna ƙafafu a daro.

"Baba, mu ma muna yin wannan a cocinmu," in ji ta.

Ya cire tabarau. "A ina?"

"A Najeriya. Ekklesiyar 'Yan'uwa."

Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce cocin kakanninsa ke nan.

A kwanakin da suka biyo ya ba ta labarin kaɗan-kaɗan. Mutanensa manoma ne a Jamus. Sun ƙi yi wa jarirai baftisma, suka ce sai mutum ya girma ya amsa da bakinsa. Sun ƙi rantsuwa, sun ƙi ɗaukar bindiga. Da aka matsa musu suka shiga jirgin ruwa zuwa Pennsylvania a Amurka. Jikokinsu suka nausa yamma da keken shanu, suka yi shekaru a Ohio, daga baya suka yada zango a Kansas, inda babu itacen gini, suka yi ɗaki da ƙasa da ciyawa.

Ya san ranar haihuwar kowa da inda aka binne shi, in ban da mutum ɗaya. Lidiya, ƙanwar kakansa, ungozoma ce. Ta tafi Afirka a 1936, ta aiko wasiƙa uku, daga nan dangi suka daina ambatonta. Bai san dalili ba.

Ran Juma'a Roseline ba ta da aiki. Daga ɗakinta a unguwar Bin Mahmud ta kira kakarta Saratu, wadda ta haura casa'in.

"Kaka, kin taɓa jin wata Baturiya ungozoma, Lidiya?"

"Ban san wannan suna ba. Amma akwai wata Baturiya da muke ce wa Mai Keke. Ita ta karɓi haihuwar ƙanena."

"Ina ta tafi?"

"Ba ta tafi ba. Ta saɓa da manyanta a kan wani abu, ta bar gidan mishan. Lokacin da muka sauko daga kan dutse muka sari daji a bakin kogi, tare da mu ta zo. A nan ta mutu."

"Daga kan dutse muka sauko?"

"To da daga ina? Ku ba kwa tambaya ne."

Roseline ta ɗauko biro. Ta yi awa biyu tana rubuta sunayen gidajen da suka sauko, da wanda ya fara haƙa rijiya, da waɗanda suka ƙi barin dutsen.

Yayanta Rufus da ke gida ya je ya ɗauko hoton kabarin Mai Keke ya turo. Tarin duwatsu ne a gefen wata gonar dawa, babu rubutu. Mista Wampler ya ƙara girman hoton a waya, ya duba ta kowane gefe.

"Ba zan iya cewa ita ce ba," ya ce.

"Haka ne, Baba."

"Amma zan rubuta abin da kakarki ta faɗa, yadda ta faɗe shi."

Bayan kwana huɗu aka sallame shi, a watan Mayu ya koma Amurka. A Agusta ɗansa ya kawo wa Roseline ɗan littafin da tsohon ya buga wa dangi. A shafin Lidiya akwai hoton kabarin, da kalmar "wataƙila", da maganar Kaka Saratu da sunanta a ƙasa.

Roseline ta fassara mata shafin ta waya. Tsohuwar ta saurara har ƙarshe, ta ce an yi daidai, sai dai ba a sa cewa Mai Keke tana jin yarensu na Bura sosai ba. Roseline ta aika wa Mista Wampler da gyaran a ranar.