Keken Inna a Bayan Jar Igiya

Inna Mai Keke ta dawo daga asibiti da ido ɗaya a naɗe, ta tarar da kusurwar ɗakinta wayam. Inda keken ɗinkinta yake, sai sawun ƙafafunsa a kan siminti.

"Auta! Ina kekena?"

Auta, 'yarta ta ƙarshe, ta hau inda-inda. Wai gidan tarihin gari ne ya yi shela kowa ya kawo tsohon abin da ke gidansu a nuna wa jama'a, taron ma har suna gare shi, Ranar Kayan Kaka. Wannan ta kai fitila, wancan ya kai rediyo. Ita kuma ta ga keke na zaune ba aikin fari ba na baƙi.

"Ido aka yi mini aiki, ba mutuwa na yi ba, 'yar banza. Ga kayan makarantar 'ya'yan mutane jibge, hutu ya kusa ƙarewa. Da haƙori zan ɗinka?"

Gari na wayewa ta ja sandarta sai gidan tarihi. Ta wuce ɗakin tukwane, ta wuce hotunan mutanen da ko jikokinsu sun manta da su, sai ga kekenta a tsakiyar zaure, bisa dakali, an kewaye shi da jar igiya, fitila na haska shi kamar gawar babban mutum. Sun goge masa mai tas. Sun cire sabon bel ɗin da ta sa, sun ɗaura wata tsohuwar fata mai tsattsagewa, wai ta fi kama da ta da.

Ta zunguri maigadi da sanda. "Kai, karanta mini abin da aka manna nan."

"Keken ɗinki irin na matan da."

"Matan da? To ga matan da nan tsaye a gabanka."

Ta ɗaga ƙafa za ta tsallake igiya, sai ga shugaban gidan da gudu, wani siriri mai tabarau, hannuwansa cikin farar safa.

"Inna, a yi haƙuri, ba a taɓawa."

"Tun ba a haifi uwarka ba nake taɓa shi, ɗan nan."

Ya durƙusa da ladabinsa, ya nuna mata wata lamba da aka rubuta da farin fenti a ƙafar keken. Duk abin da aka sa wa lamba, in ji shi, ya zama ɗan gida. Ba ya fita sai kwamiti ya zauna.

"Yaushe zai zauna?"

Shugaban kwamitin ya yi tafiya, in ji shi. Wani ɗan kwamitin kuma ya rasu, ba a cike gurbinsa ba.

"Da zai shigo, kwamiti ya zauna?"

"A'a, shigowa ba ta bukatar kwamiti."

"Ashe maƙabarta kuka buɗe."

Daga ranar Inna ta tare. Kullum tana gindin igiya a kan kujerar maigadi, duk baƙon da ya tsaya sai ta ce, "Kalla da kyau, kayan sata ne." Mai tabarau ya rame. Rannan ya zo yana murmushi, ya ce ya samo mafita. Doka ta yarda a motsa abu mai lamba in dai don a koyar da jama'a ne. Za su buɗe sabon shiri, Tarihi Mai Rai, Inna ta riƙa nuna yadda ake ɗinki a zamanin da. Sharaɗi ɗaya, sai da safar hannu.

Inna ta dube shi da idon da ya warke. Ta karɓi safar, ta datse kawunan yatsun da almakashi, ta mayar da bel ɗinta, ta ɗiga mai. Auta ta kinkimo buhun kayan makaranta a ka, hukuncinta ke nan.

Keke ya kama ruri. Iyayen yara suka biyo kayansu har zaure, masu faci suka biyo iyayen yara, maigadi na bakin ƙofa yana lissafa kowa a matsayin mai son tarihi. Gidan da a da ƙuda ma sai ya yi sallama ya rasa mai amsawa, yanzu sai an yi layi. Malamai suka fara kawo ɗalibai. Wata baƙuwa mai ɗaukar hoto ta leƙo ta ce, "Wai ta gaske ce?"

"Matso in gwada miki allura."

Aka tafa. Sun ɗauka cikin shirin ne.

Labari ya kai sama. Kwamitin da aka ce ba ya zaunuwa ya zauna tsaf, har da lemo. Inna ta ɗauka za a sakar mata keke, ta sa Auta ta yi magana da mai kura da zai kai shi gida, ta share kusurwar ɗaki. Wando ɗaya ya rage mata, na ɗan mai wanki, ta bar shi a ƙarƙashin allura da ƙafa ɗaya a ɗinke, don an kaɗa ƙararrawar rufe gida.

Litinin ba sa buɗewa. Ranar Talata Inna ta iso da mai kura a bayanta, ta tarar da keke cikin akwatin gilashi, an datse da kwaɗo.

Mai tabarau ya tare ta, baki har kunne. "Inna, ina taya ki murna. Kwamiti ya ce kaf gidan nan babu abin da ya kai kekenki daraja. Abu mai daraja haka ba a barin sa yana aiki, sai ya lalace. Ke kuma an ba ki kujera ta dindindin, ki riƙa ba da labarinsa."

Abin da Inna ta faɗa masa, malamar da ta kawo ɗalibai sai da ta fitar da su waje. Ta ɗaga sanda za ta sauke wa gilashin, maigadi da mai kura suka rirriƙe ta.

Tana zaune tana haki mai wanki ta shigo. "Inna, wandon yaron nan fa? Gobe za su koma."

Inna ta nuna gilashi da sanda. Wandon na nan a ƙarƙashin allura, an gyara masa zama, an sa masa tasa lambar a ƙugu.

"Ga shi can. Je ki ce wa ɗanki ya dakata da girma."