Tubalin Sausan

A hawa na uku Sausan take zaune a unguwar Shubra, kuma komai nata a kwando take zura shi ƙasa da igiya daga baranda. 'Yarta Nirmin kullum sai ta yi wa tsohuwar kwamfutar uwar dariya.

"Mama, wannan tubalin ai sai da ɗan dako!"

Ita tata sabuwa ce, siririya kamar faifai, amma ko shekara ba ta yi ba marfinta ya ɓalle wajen buɗewa kawai.

Ranar nan Sausan ta haɗa duka biyun a kwando, ta ƙwala wa Usta Ramzi, mai shagon gyara a ƙasan benen, kira. Da kwando ya kai rabin hanya, igiya ta tsinke. Tim!

Usta Ramzi ya tattara ɓaraguzan sabuwar, sannan ya danna tsohuwar. Sai ga ta ta kama, tana gurnaninta.

"Hajiya, taki ta tashi! Dakalina ne ya tsage!"

Sausan ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo, ta juya ta dubi Nirmin.

"Sauka ki ɗauko min tubalina. Riƙe shi da hannu biyu, kar ya karya miki ƙafa."