Jar Ƙwayar Tsigi

Maman Tsigi ba ta gama ajiye ledar magani a kan keken ɗinkinta ba, surukarta ta fizge yarinyar ta tura ta bayanta.

"Kin sake kwaso wata gubar ke nan?"

"Inna, an cire wadda ta taɓa mata ido. Likita ya ce sauran dole ta ci gaba da sha, in ba haka ba tarin zai dawo."

"Likita ya ce! Da can wa ya ce? Ba shi ba ne? Na ba ku jika da idonta garau, kun mayar min da ita 'yar lalube."

Tun da aka ɗora yarinyar a kan maganin tarin fuka, Maman Tsigi ce mai tashi kowace safiya ta ba ta kafin karin kumallo, da lallashi da tsawa. Ita ce kuma ta fara lura. Ta ce a miƙo mata jan zare, Tsigi ta miƙo kore, ta kuma rantse ja ne. A asibiti aka ce wata farar ƙwaya ce ta taɓa jijiyar gani. Mai yiwuwa ganin ya dawo, amma ba wanda ya yi mata alkawari.

Inna ta zazzage ledar a kan teburin keken, ta tsinci wata jar ƙwaya ta ɗaga.

"Ga ta nan! Kin ce an cire. Tun da take shan wannan hawayenta ya koma ja. Jini yarinya take kuka, ke kuwa ko a jikinki."

"Launin maganin ne kawai, Inna, tun farko sun faɗa mana. Fara ce mai laifin."

"Ni za ki koya wa launi, don kina ɗinki? Tsigi, kin ji ni, kar ki kuskura ki sha ja. Uwarki so take ta ƙarasa ki." Ta gyara mayafi. "Bari in kira ubanta. Yau ko ni ko ƙwayoyin nan a gidan nan."

Ta fita tsakar gida tana neman lambar ɗanta, tana zagin wayar. Maman Tsigi ta san mijin nata. Zai ce a yi haƙuri, a bi maganar Inna zuwa jibi, jibin da ba ya zuwa. Ta tuna yadda haƙarƙarin yarinyar ya fito a watannin baya, da tsumman da take wankewa a ɓoye don kar a ga jini.

Ta ɗebo ruwa a kofi, ta durƙusa.

"Zo nan, Tsigina."

Yarinyar ta manne da bango. "Kaka ta ce ke kika ɓata min ido."

"Na ji ta. Zo ki sha, ki tafi wasanki."

Tsigi ta matso, ta kanne ido, ta kai fuskarta dab da tafin hannun uwarta. Ta daɗe tana duba.

"Mama, wace kala ce?"

Daga waje muryar Inna ta tashi: "Kana jina? Ka zo ka ga abin da matarka take yi!"

Maman Tsigi ta dubi ƙwayar, ja wur a tafinta.

"Fara ce," ta ce.

Tsigi ta ɗauka ta haɗiye, ta kora da ruwa, ta goge baki da hannun riga.

"Gobe ma fara za ki ba ni?"

"Gobe ma."

Maman Tsigi ta tattara maganin ta cusa a ƙasan akwatin zare, ta zauna a kan keken ba tare da ta taka shi ba. Addu'a ɗaya take yi: Allah ya kawo safiyar da yarinyar nan za ta dubi tafin hannunta ta ce mata maƙaryaciya.