Shirun Ɗakin Baba

A wurin aiki Kunne suke ce masa, don shi ke haɗa sautin fim, kuma mutum ne da ko sauro ya yi tari sai ya ce a tsaya a sake ɗauka. Masu sana'arsa suna da wata ɗabi'a da za ka rantse taɓin hankali ce: ɗaukar shiru. Wai kowane ɗaki da irin shirunsa. To, ita ce ta ja masa.

Fim ɗin na ban tsoro ne, kuma buɗewarsa ta gagari kowa. Kyamara tana rarrafe ƙasa-ƙasa a wani dogon lungu na cikin gida, kamar idon mai sanɗa, ta wuce takalmin yarinya ƙafa ɗaya, ta doshi ƙofar da aka bari a ɗan buɗe. Hoto ya yi kyau, amma tsikar jiki ba ta tashi. Aka sa kiɗa, Darakta ya ce kamar gidan biki. Aka sa kukan ƙofa, ya ce ko yaran goye sun daina jin tsoron wannan.

A lokacin mahaifin Kunne yana kwance, ciwon ƙirji ya ci ƙarfinsa. Wata rana da azahar Kunne na zaman jinya, Umma ta fita ɗora ruwan zafi, ɗakin ya yi tsit, sai fanka ke juyi a hankali. Shirun ya burge shi. Ya zaro na'urar ɗaukar sauti ya ajiye kusa da kwalaben magani, ya toshe kunnuwa da abin sauraro, ya lumshe ido. Wallahi fankar yake so, ba wani abu ba.

Washegari ya shimfiɗa shirun a ƙarƙashin hoton lungun, ya ƙara ƙarfinsa. Sai ga numfashi. Ja a hankali, da ɗan fito a ƙarshe, sannan tsayawa har ka ce ba zai dawo ba, sannan busassun leɓɓa su rabu, ƙwas. Kafin ya kai hannu ya goge, ashe Darakta na tsaye a bayansa.

"Kai! Mene ne wannan?"

"Kuskure ne, Oga. Yanzu zan cire."

"Ka taɓa shi, ni da kai ne! Ai wannan shi ne numfashin mai kisan da ke fim ɗin. Dubi hannuna, duk tsika ta tashi."

Kunne ya buɗe baki zai ce mahaifina ne, kunya ta hana shi. Wane irin ɗa ne ke kafa wa ubansa na'ura a gadon jinya? Ya lallaɓa daga baya ya ɗauki nasa numfashin ya musanya. Darakta na ji ya yi tsaki: "Wannan ai numfashin ƙoshi ne. Mayar mini da na jiya."

Baba ya rasu. Kunne na zaman makoki aka kammala fim aka tura wa masu sinima. Da ya dawo ya faɗi gaskiya, Darakta ya yi salati, ya dafa kafaɗarsa. "Allah ya jiƙansa. Da ka faɗa tun farko! Yanzu kam bakin alƙalami ya bushe, fim ya bar hannuna."

Abu ɗaya ya rage masa, kada Umma ta ji. Ita kuwa tana fita takaba ta ce sai ta je ranar nunin farko.

"Umma, fim ɗin tsoro ne, ga hawan jininki."

"Tsoron me ya rage mini? Za a rubuta sunanka jama'a su gani, in zauna a gida? Babanku ya so ya ga ranar nan, to zan gane masa."

Ya ɓata lokaci wajen neman makulli, ya bi doguwar hanya don su makara. Ranar ce kuwa titi ya zama wayam, kuma masu sinima suka yi nasu jinkirin. Suna zama aka kashe fitilu.

Lungun ya bayyana. Kyamara ta fara rarrafe. Numfashin ya cika zauren daga manyan lasifikoki, ta gaba, ta baya, ta ko'ina. Wata mata a bayansu ta ce, "Innalillahi, ga mugun nan!" Wani ya ce, "Allah ya tsine maka, azzalumi." Kunne ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige, ga shi ba maɓallin da zai danna.

Leɓɓan suka rabu, ƙwas.

Hannun Umma ya damƙi wuyan hannunsa. Ya sunkuyar da kai yana jiran faɗa. Sai ya ga ɗaya hannun nata yana lalube cikin jaka, ta zaro gorar ruwa, ta riƙe ta a cinya ba ta san inda za ta miƙa ba.

"Ƙishirwa yake ji," ta ce a hankali. "In ya yi haka da leɓe, ruwa yake so. Wa ke ɗakin tare da shi?"

"Ni ne, Umma."