Gadar Aro

Ranar da motar haƙa ta shigo layinmu, har ruwan sanyi na saya wa direban. Ni da injin niƙana mun sha wahalar damina, da an yi ruwa mai ƙarfi sai ya kwararo cikin shago, in kama kwashe buhunan mutane ina ɗorawa a kan benci. To ga hukumar gari ta ce za ta yi mana lambatu. Wa zai ƙi?

Suka haƙa, suka zuba kankare, suka kwashe kayansu suka tafi. Lambatun ya yi kyau, ba zan yi musu ƙarya ba. Zurfinsa ya kai ƙugun babban mutum, faɗinsa kuwa sai mai dogayen ƙafafu ke iya tsallake shi, shi ma sai ya ja da baya ya yi bisimilla. Abu ɗaya kawai suka manta, wato mutane suna shiga shagunan nan. Ba murfi, ba gada, sai rami tsakaninmu da masu kawo mana aiki.

Telan da ke maƙwabtaka da ni bai damu sosai ba, yadi ai ana iya jefo shi. Ni kuwa buhu ake kawo mini. Wanda ya riƙe shagon nan shi ne Mai Kaji, wani dattijo mai gonar kaji a bayan gari, wanda ke aiko da masara cike da kura a ɓarza masa. Aikinsa ne ke sayen man inji, shi ke ciyar da ni da 'ya'yana tun rasuwar babansu.

Bai jima ba ya zo da kansa, ya tsaya daga tsallaken rami yana ɗaga murya.

"Mai Inji, ni fa ba na son barin ki," in ji shi. "Amma masu tura mini kura sun ce ba za su ƙara tsallake ramin nan da buhu a ka ba. An buɗe sabon inji a bakin tasha, kura har ƙofa take shiga."

"Baba, ka yi mini haƙuri kaɗan. Zan je sakatariya."

Na je kuwa. A sashen ayyuka wani mai ƙaton ciki ya ce haƙa da kankare ne nasu, murfi na sashen tituna ne. A sashen tituna aka ce layinmu ba titi ba ne tukuna, sai sashen tsara gari ya mai da shi titi. Na ce to mene ne shi yanzu, kogi? Ba wanda ya yi dariya. A sashen tsara gari kuwa babbar rigar jami'in kawai na tarar rataye a bayan kujera, fanka tana kaɗa ta. Na yi ta komawa har masinjan ofishin ya san sunayen 'ya'yana, amma rigar nan ba ta taɓa samun mai ita a ciki ba.

Da na gaji, na kira kafinta ya haɗa mini gada da katako mai kauri, na shafa mata ragowar shuɗin fentin ƙofata. Kura ta ci gaba da shigowa, Mai Kaji ya sa mini albarka. Ashe akwai sashen da idonsa ke aiki. Wata safiya motar sashen tsabtar muhalli ta tsaya, ƙarti suka sauko suka cicciɓi gadata. Wai gini ne ba bisa ƙa'ida ba a kan magudanar hukuma. Na yi ihu, na yi zagi, har na riƙe ƙofar motar, suka ɓamɓare hannuna suka tafi. Wallahi ranar nan da ashana ce a hannuna da ban san abin da zan aikata ba.

Daga nan Mai Kaji ya daina aiko da kura. Bai ce ya bar ni ba, ya dai ce ranar da aka sa gada in aika masa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ina da ɗan'uwa a cikin sakatariyar nan. Auta, ƙanena, wanda na goya a bayana, jami'i ne a sashen bunƙasa sana'o'i. Duk lokacin da na yi masa maganar gada sai ya ce, "Yaya, ba sashenmu ba ne." Sashensu na taro ne da hotuna.

Sai ga shi wata rana ya tsallako ramin da kansa, yana kakkaɓe wando.

"Yaya, gobe za mu kawo baƙi, masu ba gari tallafi. Darakta ya zaɓi layin nan a nuna musu ƙananan sana'o'i, kuma shagonki ne na farko."

"Ta ina za su shigo? Fukafukai gare su?"

"Za a sa gada."

"Au! Ashe ana iya sawa?"

"Don Allah Yaya, in sun tambaye ki, ki ce komai lafiya. In kika yi ƙorafi ni za a kama, kowa ya san ke yayata ce. Ni kuma zan tsaya a bar miki gadar. Na yi miki alkawari."

Ga wanda bai san garinmu ba, haka ake yi. Sassan nan da ko gaisawa ba sa yi, ranar baƙi sai su zama 'yan uwa ɗaya uba ɗaya. Wannan ya ara wa wancan tukwanen furanni, wancan ya ara wa wannan janareta da kujeru. In baƙi suka juya baya, kowa ya zo ya kwashi kayansa kafin a tashi daga aiki.

Washegari da safe aka share layin tas, aka jera furanni a bakin lambatu. Sai ga motar tsabtar muhalli, ƙartin nan dai da suka ɓamɓare hannuna, suka sauke gada suka shimfiɗa a ƙofata. Na dube ta, na sake dubawa. Katako mai kauri, shuɗin fenti. Tawa ce. Sashen su Auta ne ya aro ta daga siton masu tsabtar muhalli, inda take ajiye a matsayin kayan laifi.

Na kira Mai Kaji a waya na ce gada ta dawo, ya aiko da masara. Ya ce alhamdu lillahi, da la'asar zai zo da kansa.

Baƙi suka iso wajen azahar, Darakta a gaba yana ta nuni da hannu. Ya taka gadata ya buga ta da ƙafa, ya ce wannan na daga cikin ayyukan da sashensa ya yi don sauƙaƙa wa mata masu sana'a. Na ji jinina ya hau har kunnuwana suka yi zafi. Wata mata cikin baƙin, mai fara'a, ta matso kusa da injin ta ce, "Mama, akwai abin da ke damun sana'arki?"

Maganar tana bakina, a shirye take. Na ɗaga ido sai na ga Auta a bayan Darakta, gumi ya jiƙa masa wuyan riga, yana kallona irin kallon da yake mini yana yaro in ya fasa abu a gida.

"Babu," na ce. "Komai lafiya."

Aka tafa, aka ɗauke mu hoto, ni da Darakta a kan gada. Motoci suka tashi. Auta ya tsaya a shago yana mini godiya, har yana taya ni share gari daga bakin injin.

Ƙurar motocin ba ta gama kwantawa ba masu furanni suka zo suka kwashe tukwanensu. Bayansu sai motar tsabtar muhalli. Auta ya fita da sauri ya tare su, ina jin sa yana cewa Darakta ya san da maganar. Shugaban ƙartin ya ce shi Daraktan wani sashe ba ogansa ba ne, aro aka yi, kuma dole kaya su koma sito yau. Auta ya kira waya, ba a ɗauka ba. Ya sake kira. Suna gabansa suka cicciɓi gadar, sai da ya ja da baya zuwa ƙofar shago don kada su ɗauke ta da shi a kai.

Suna ɗora ta a mota kurar Mai Kaji ta shawo kwana, an lafta mata buhuna, shi kuma yana biye a kan babur. Ya tsaya. Ya dubi gadar a bayan mota, ya dubi ramin, ya dube ni. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi.

"Mai Inji, Allah ya kawo miki mafita," ya ce. Sannan ya juya ga masu kura. "Ku juya, mu je bakin tasha."

Na tsaya ina kallon buhunan nan har suka ɓace. Na shiga na zare bel ɗin injin na rataye a ƙusa.

"Yaya," in ji Auta daga bayana, "gobe da sassafe zan shiga wajen Darakta."

"Ba sashenku ba ne."

Na ja ƙofa na sa kwaɗo. Auta ya tsaya a bakin lambatun da takalminsa mai ƙyalli, yana auna faɗinsa da ido, ya miƙo mini hannu wai ya taimake ni in haye. Ban karɓa ba. Na tattare zanena na dira cikin ramin, na kama kankaren na hau ta ɗaya gefen, kamar yadda nake yi kullum in zan tafi gida.