Warin da ke Ƙarƙashin Ciko

Ni dai tun da na yi wayo ban taɓa kwana da baki ba wanki ba. Amma wani likitan haƙori, wanda nake ce wa Mai Turare don tun daga bakin ƙofa ƙamshinsa ke shaƙe mutum, ya tsaya a ɗakin jira cike da jama'a ya ce wa ɗana wai ƙazanta ke damuna.

Ga yadda aka yi. Turmin haƙorina na hagu ya matsa mini, ɗana ya kai ni wurinsa. Ya ce jijiya ta mutu, sai an fasa haƙorin an kwashe ta, an wanke ramukan ciki, a cike. Ya yi aikin da hannu ɗaya kusan, waya maƙale a kafaɗa, yana ciniki da wani a kan tayar mota. Ya ɗan tsiyaya ruwa, ya toshe, ya ce in tashi.

Ba a jima ba kumatuna ya yi suntum, dasashi na fitar da mugunya. Muka koma. Ko kujera bai ce in hau ba.

"Aikina lafiya lau yake," in ji shi. "Ka san tsofaffi da buroshi. Ku riƙa sa ido tana wanke baki."

Ɗana, wanda ni na koya masa riƙe buroshin, ya gyaɗa kai kamar ƙadangare. Daga ranar matarsa ta ware mini kofi da cokali. In jikata ta zo hawa cinyata, sai a kira ta a aike ta ɗauko abin da babu.

Na ce a kai ni wani wuri. Aka kai ni wurin wata likita, 'yar firit, ba ta da surutu. Ta ɗauki hoton cikin haƙorin da na'ura, ta daɗe tana kallo.

"Mama, ramuka uku aka wanke. Akwai na huɗu, siriri, ya lanƙwasa ya ɓuya. Ba a taɓa shi ba, aka rufe da dattin a ciki."

"Buroshi na kai wa can?"

"Ina! Ko ƙarfen aikina da kyar zai kai. Sai ruwan magani."

Ɗana ya miƙe wai zai jira a waje. Na damƙe masa riga. "Zauna nan. Kusa."

Ta shimfiɗa mini wata roba a baki, haƙorin kaɗai a waje, ta fasa cikon. Wani wari ya taso kamar an buɗe kwata. Ɗana ya kai hannu hanci, na harare shi ya sauke. Likitar ta yi ta ɗura ruwa mai warin bilic na wankin tufafi da siririyar allura, ta sa wani ɗan tsinke mai rawa yana kaɗa ruwan don ya shiga lungu, ta zuƙe, ta sake. Har muƙamuƙina ya gaji. Ta sa magani ta rufe na wucin gadi, ta ce sai ciki ya bushe za ta cike.

Kumburi na saɓewa na ce wa ɗana mu je wurin Mai Turare.

"Mama, tunda an samu sauƙi, a bar wa Allah mana."

"Shi Allah ne ya ce ni ƙazama ce? Ɗauko makulli."

Muka tarar da ɗakin jiran a cike. Matar da ke kan tebur ta ce sai na bi layi. Na ce ba ciwo na kawo ba, magana na kawo. Ya fito yana murmushin nan nasa na talla. Na miƙa masa hoton da likitar nan ta ba ni. Ya ɗaga shi sama, murmushin ya ragu.

"To, ramin nan yakan ɓuya, Mama. Kowane likita yana iya... Mu shiga ciki mu yi magana."

"A ciki ka zage ni?"

"Ni ban zage ki ba. In kina so ma, sai in cire miki haƙorin kyauta."

"Ji mini mutum! Ka rufe ruɓa a bakina, ka ɗora mini laifi, yanzu kuma haƙorin kake so? Ko gashin hancina ba za ka ƙara taɓawa ba. A nan ka faɗa, a nan za ka janye."

Wani dattijo mai riƙe da kumatu ya ce, "Likita, faɗi mana, mu ma mu ji."

Ya dubi takalminsa. "Ba daga wankin bakinta ba ne."

"Daga ina ne?"

"Daga aikin ne."

"Aikin wa? Na aljanu?"

"Nawa."

Ɗana ya taɓa mini kafaɗa. "Ya isa haka, Mama. Mu tafi."

A bakin mota ya buɗe mini ƙofa, na ƙi shiga.

"Shi baƙo ne, bai san ni ba. Kai fa? Kira matarka yanzu, ka buɗe muryar wayar in ji, ka faɗa mata abin da hancinka ya shaƙa."

Ya tsaya yana kallon titi. Na gyara tsayuwa a rana. Ya ciro wayar.