Ɗakunan Hayar Goggo

Kafinta yana kan ɗaura ƙofar ɗaki na biyu Goggo ta nemi bulo ta zauna, ta dafe ƙirji, ta ce kada ya kula ta, ƙurar siminti ce kawai.

Maƙwabciyarsa ce, katanga ɗaya ta raba su. Ta tsufa tana sharar asibiti, da aka sallame ta kuma ta zuba abin da aka ba ta a ɗakuna biyu a bayan gidanta, don ta sa 'yan haya. Tun daga aza harsashi take damunsa da tambaya. Gwauro ya fi ko mai iyali? A karɓa wata-wata ko na shekara? In rufi ya yi yoyo, gyaran a wuyan wa yake?

"Goggo, ni fa ko kejin kaza ban mallaka ba," ya ce yana dariya.

"Shi ya sa nake tambayarka, ɗana. Kai ka san abin da ke ɓata wa ɗan haya rai."

Da shawararsa aka faɗaɗa taga, aka sa famfo a tsakar gida. Shi ne kuma ya samo mata wani malamin makaranta mai sabon aure, suka yi magana zai tare ƙarshen wata.

Ashe abin da ya sa ta dafe ƙirji ba ƙura ba ce. Washegari ƙafafunta suka kumbura, aka kwantar da ita a asibiti, a ɗakin da ta sha gogewa. Da Kafinta ya je dubiya, ya tarar ta rame, muryar ta dushe. Ba ta yi zancen ciwo ba. Ta tambaye shi ko fenti ya bushe, ta ce ya hana amarya jingina da bango kada zanenta ya ɓaci.

Da hantsi ta cika.

Ɗanta na cikinta ya iso daga nesa bayan an dawo daga maƙabarta. Bai daɗe a kan tabarma ba ya fara waya da dillali, yana cewa shi ba zai iya wahalar 'yan haya ba, a sayar da gidan gaba ɗaya. Kafinta ya buɗe baki, sai ya tuna ba shi da hurumi, ya sunkuyar da kai.

Ana cikin haka motar kaya ta tsaya a ƙofar gida, da katifa da tukwane a ɗaure. Ashe ba wanda ya tuna ya sanar da malamin. Kafinta ya tashi, ya ja shi gefe ya gaya masa. Malamin ya dubi kayan, ya dubi masu makoki.

Amaryar, wadda ba ta taɓa ganin Goggo ba, ta sauko a hankali. Ta gyara mayafinta, ta cire takalmanta ta jera su a gefen na sauran mata, ta shiga ciki.